Riga Mai Ganye a Aljihu

Farar riga ɗaya ce ta rage a ƙarshen ƙarfen rataya, da shuɗin zare mai ƙulli ɗaya a bayan wuyanta. Mai Guga ta gan ta da wutsiyar ido tana wucewa da kofin shayi a kowane hannu, ta ce a ranta, ashe Mai Lasifika, mai kawo mata wanki, ya bar riga jiya. Ba ta tsaya ba. Da wata rana ce da ta ajiye kofunan ta bi ba'asi, don kaya ba sa kwana a shagonta ba ta san dalili ba. Amma yau sakayau take jin jikinta, kamar wadda aka sauke wa buhu daga ka. Yau ƙaninta Auta zai tafi.

Ta tura ƙofar baya da kafaɗa, ta ratsa tsakanin injinan wanki guda biyu, ta ajiye kofi ɗaya ta murɗa makunnin na dama. Injin ya kama ruri, babu komai a cikinsa sai tsummoki. Haka take yi kullum kafin ta buɗe 'yar ƙofar da ke bayan labule. Ƙarar injin ce ke haɗiye tari, da jan kujera, da muryar namiji a gidan da duk unguwa ta san babu namiji tun rasuwar mijinta.

Ɗakin ajiyar sabulu ne a da. Yanzu katifa ce a ƙasa, da kwalin sitaci da ya zama tebur, da 'yar taga can kusa da rufi wadda ko kyanwa sai ta rage ciki za ta wuce. Ƙaninta yana zaune a bakin katifa, ya riga ya sa takalmi.

"Ikon Allah," ta ce cikin raɗa. "Motar sai bayan azahar, kai ka ɗaure takalmi tun hantsi?"

"Gwadawa nake, Yaya. Ƙafar ta manta yadda ake yi."

"Karɓi shayinka."

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Yau ma sukarin leƙowa kawai ya yi ya wuce."

"Can inda za ka ai kai za ka riƙa saye. Mu ga ko za ka cika cokali."

Ya yi dariya da kafaɗunsa, babu sauti. Wannan dariyar ita ta fi ci mata rai a duk zaman nan. Auta ne fa, wanda marigayiya mahaifiyarsu ke cewa da rediyo a ciki aka haife shi, wanda in ya kyalkyale a tsakar gida sai kaji su watse. Watannin da ya yi a bayan injin sun koya masa dariya da baki a rufe.

Labari ne ya kawo shi nan, gajere. Ya rubuta shi a kan wata yarinya mai ciwon sukari da mahaifinta ya hana ta maganin asibiti, saboda wani mai sayar da ruwa a kwalba da sunan addini ya ce masa allura rashin imani ce. Aka gayyace shi ya karanta a wani zauren taro, ya je ya karanta. A cikin labarin akwai inda mai kwalbar ke cika baki, yana faɗin abin da mai hankali ba zai ɗora a harshensa ba. Nan wani ya sa almakashi. Ya zubar da abin da ya gabata, ya zubar da abin da ya biyo baya, ya saki guntun a wayoyi: Auta a tsaye, maganar mai kwalba a bakinsa. Kafin mako ya zagayo, wani mai wa'azi mai yawan mabiya ya ce jinin mutumin nan ya halatta. Aka farfasa gidansa. Matarsa ta ɗauki 'yarsu ta koma wurin iyayenta. Jaridar da ya yi shekaru yana yi wa rubutu ta buga cewa ra'ayinsa nasa ne shi kaɗai. Shi kuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar bayan shagon yayarsa da rana tsaka, leɓensa a fashe. Uwa ɗaya suke, uba kowa da nasa, aure kuma ya kawo ta wannan gefen gari tun yana makaranta. Babu wanda ya san sun haɗa jini a unguwar, abin da ya rufa musu asiri ke nan.

Jiya Lauya ta kira, wata mata mai saurin magana daga ƙungiyar da ke taimakon irin su Auta. Ta ce takardu sun fito, wata jami'a a wata ƙasa ta karɓe shi, matarsa da 'yarsa za su bi shi daga baya. Motar da ke kwasar zannuwan otal za ta tsaya a ƙofar shago bayan azahar, shi kuma ya fito a matsayin ɗan dako. Mai Guga ta saurara da wayar a matse tsakanin kunne da kafaɗa, hannuwanta na ninke kayan mutane, hawaye na ɗiga a kan leda.

"Yaya, kin san abin da zan fara yi in na sauka?"

"Ka nemi wanda za ka cika wa kunne."

"Atishawa. Wallahi akwai wadda nake riƙe da ita tun kafin damina. A tsakiyar titi zan tsaya in sake ta, ko da 'yan sanda za su zo."

Ta toshe baki da gefen mayafi har idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce, "Sha ka gama. Ina da abin da zan nuna maka."

*

Abin da za ta nuna masa riga ce.

Ana gobe zai je karatun nan ya kawo mata farar rigarsa ta goge, aka yi rashin sa'a dutsen guga ya lashi aljihun. Ita da ta yi shekara da shekaru ba ta ƙona kayan kowa ba! Kunya ta sa ta yanko koren ƙyalle, ta fitar da shi siffar ganye, ta ɗinke a kan tabon. Auta ya ce ai ta fi da kyau, ya sa abarsa ya tafi. Da guntun hoton ya bazu, ganyen ya bazu tare da shi. Wanda bai riƙe fuskarsa ba ya riƙe ganyen, har sunansa ya ɓace a bakin mutane, ya koma "mai ganyen nan". Ranar da ya iso, kafin ya sha ruwa, ya tuɓe rigar ya miƙa mata ya ce, "Yaya, ƙona ta." Ta ce to.

Ba ta ƙona ba. Ta kai ta bayan gida da ashana, ta tsaya tana shafa yadin, hannunta ya ƙi. Wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana ceton tufafi daga tabo ba ta iya cinna wa lafiyayyen yadi wuta. Ta cusa ta a ƙasan kwandon tsummoki ta manta da ita da gangan. Shekaranjiya, da Lauya ta ce ana sa rai, ta ciro ta, ta wanke ta a juye, ta goge, ta ninke aljihun a ciki. Ta ce can inda za shi ganye ganye ne kawai, ya sa kayansa ya sha iska.

Ita ba ta rubuta suna a kayan mutane, don tawada na bin ruwa ta ɓata yadi. Zare take ɗaurawa a bayan wuya, kowane mai kawo wanki da kalarsa, in kala ta ƙare sai ta bambanta da ƙulli. Kayan Auta ma dole su hau igiyar shanya kamar na kowa, shi ya sa ta yi masa zare kamar wani kwastoma da ba a taɓa gani ba: shuɗi mai ƙulli biyu.

Ta duba inda ta ajiye rigar, wayam. Ta ɗaga zannuwan otal ɗaya bayan ɗaya. Ta zazzage kwandon tsummoki a ƙasa. Sai ta miƙe a hankali, ta juya ta dubi ƙarshen ƙarfen rataya, inda farar rigar nan ke lilo ita kaɗai. Shuɗi, ƙulli ɗaya.

Jiya da wayar ke kunnenta, kayan Mai Lasifika take haɗawa, fararen riguna ne duka. Idonta ya ga shuɗi ta cikin hawaye, bai tsaya duba ƙulli ba. Da yamma ya zo, adadin kayansa ya cika, ya ɗaure ledar a bayan babur ya tafi.

Mai Lasifika shi ke ba da hayar kayan sauti a wannan yanki. Duk taron da mai wa'azin nan zai yi, shi ake fara gani a kan tsani yana ɗaura lasifika a jikin turakun wuta. Ta cikin kayansa aka shelanta hukuncin Auta, har gilashin shagonta yana rawa.

Ta koma bayan labule. A tsaye ta faɗa masa, ba ta ɓoye komai ba.

Ya dube ta. "Yaya, ce miki na yi ki ƙona."

"Ka ce."

"Kika ce to."

"Na ce." Ta sunkuyar da kai. "Yadin ne, Auta. Yadin mai kyau ne."

Ta jira ya yi faɗa. Da ya yi da ta ji sanyi. Sai kawai ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ya cire su, ya jera a gefen katifa inda suka saba zama.

*

Lauya ta ce babu yadda za a yi motar ta zo da wuri. Ta ce kada a rufe shago, rufewar ce za ta jawo ido. Mai Guga ta jona dutse ta kama guga, kunnenta na kan titi.

Matar mai kantin da ke jikin shagonta ta shigo da labulayen ɗakinta a hammata, ta zube su a kan kantar shagon, ta zauna a benci kamar yadda ta saba.

"Maƙwabciya, kin ji yau akwai taro? An ce a kan mai ganyen nan ne kuma. Wai har yanzu yana cikin garin nan."

"Allah ya kyauta."

"Amin dai. Amma ni ban ga laifin kowa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Mutum ya zauna lafiya, a'a, sai ya ce shi rubutu."

"Kin ji labarin nasa duka?"

"Wa, ni? Allah ya tsari kunnena! Guntun ma rabi na kalla na goge, kar ya ja min wani abin a waya." Ta leƙo kan teburin guga. "Ke lafiyarki kuwa? Tun da na shigo hannun rigar nan ɗaya kike gogewa."

"Kaina ke sarawa."

"Ƙarar injin nan ce. Kullum sai ya yi ta gurnani, ko hutu ba kya ba shi. Bari in leƙa kanti, anjima na dawo mu ƙarasa."

Rana ta kusa tsaka lokacin da ta ji babur ɗin Mai Lasifika. Ta san ƙararsa, salansar a fashe take. Ta kafa dutsen guga a tsaye, ta dubi bayansa kafin ta dubi fuskarsa. Titi ne kawai, da wani kare kwance a inuwar mota. Shi kaɗai ne.

Dogo ne siriri, gemunsa ya fara furfura, aljihunsa kullum da abin gwada wuta da baƙin salatif. Ya yi sallama, ya tambayi kwana, ya tambayi aiki da gajiya, bai rage komai daga gaisuwar da ya saba ba. Sannan ya ajiye baƙar leda a kan kantar shagon, ya bar hannunsa a kai.

"Hajiya, an yi min canji a kayana."

"Ayya, Malam, yi haƙuri. Ga taka can a rataye. Wannan ta wani ce, tun bara ya kawo bai dawo ba, ni ko fuskarsa ma..."

"Hajiya." Ya ɗaga ɗaya hannun. "Kar ki wahalar da bakinki. Ba tambaya na zo yi ba."

Ya waiwaya titi, ya buɗe bakin ledar kaɗan, ya juyo da aljihun. Ganyen ya bayyana, kore shar, ɗinkin hannunta. Ya sa farce a gefen aljihun inda zare ya ɗan tsinke.

"Kin ga nan? Aikina ne. Ƙaramin makirufon nan nawa cizo gare shi, kowa kuka yake da shi. Ni na maƙala masa a nan da hannuna ranar da ya yi karatun. Har na ce masa, 'Malam, wannan ganyen na wace bishiya ce?' Ya ce bishiyar yayarsa ce."

A bayanta injin na ta juya tsummoki.

"Wa ya buɗe ledar?"

"Ni. Uwar yara ce ke jera min kaya, amma jiya ta tafi duba mahaifiyarta ta kwana can. Allah ne ya rufa asiri. Ba ta da mugunta, Hajiya, amma tana da waya."

Ta dubi ganyen, ta dube shi.

"Kana wurin ke nan," ta ce. "Ka ji yadda abin yake."

"Ni na haɗa kayan zauren. Na ji. Ba maganarsa ba ce, ta mutumin cikin labarin ce, kuma tona masa asiri ake yi. Duk wanda ke wurin ya sani."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ba ta yi niyyar ta fito da zafi haka ba. Ya sunkuyar da kai yana murza salatif ɗin aljihunsa.

"Na faɗa. Mutum ɗaya na faɗa wa, abokina tun na ƙuruciya, muna fitowa daga salla. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, 'Au, kai ma kana cikinsu?' Daga ranar na ɗinke bakina. Ina da yara, Hajiya. Ni wayar lasifika nake jonawa. Mai magana ya yi maganarsa, in an ce na baya ba sa ji, in ƙara murya."

Ta je ta ciro rigarsa daga ƙarfe, ta ninke ta a tsanake kamar yadda take ninke ta kowa, ta sa a sabuwar leda. Ya karɓa da hannu biyu. Sannan ya ɗaga kai ya dubi fankar da ke rufi, ya yi magana kamar da ita yake.

"Yau da la'asar akwai taro a babban shataletale. Tun bayan azahar samari za su fara tare hanya suna leƙa motoci. Da ni ne zan kai kaya wani wuri, ta bayan asibiti zan bi, in ɓulla ta ƙarƙashin gada."

"Allah ya saka da alheri, Malam."

"Ban ce komai ba."

Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya dawo da baya kamar wanda ya manta makulli.

"Abu ɗaya. Ranar nan ana dab da ƙarshe janareta ya fara tari, na fita dubawa. Kafin in dawo ana ta tafi, an gama. Yarinyar nan mai ciwon sukari. Ta rayu?"

Mai Guga ta buɗe baki, sai ta gane ba ta sani ba. Watanni tana kunna injin babu kaya saboda labarin nan, tana dafa abincin mutum biyu a tukunyar mutum ɗaya, tana yi wa maƙwabta ƙarya, amma ba ta taɓa jin sa ba. Tsoro ya hana ta tambaya, shi kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

"Ban sani ba, Malam."

"To." Ya gyaɗa kai. "Ƙaramin yarona ma allurar ake masa, shi ya sa abin ya tsaya min."

"In ka kawo wanki na gaba, ƙila na sani."

Ya dube ta, ya kusa yin murmushi. Ya fita ya tada babur, ƙarar ta yi ta raguwa har titi ya haɗiye ta.

*

Da ta buɗe 'yar ƙofar, Auta yana tsaye a bayanta babu takalmi, ya riƙe murfin bokiti a gaban ƙirjinsa. Injin da ke hana a ji shi, shi ya hana shi jin komai.

Ta dube shi, ta dubi murfin. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa da ledar a cinya, dariya ta ƙwace mata.

"Auta, me za ka yi da murfin bokiti?"

"Shi na samu, Yaya. Su nawa ne?"

"Mutum ɗaya. Ya kawo maka rigarka."

Ta ba shi labari daga sallama har zuwa gada, tana yi tana share ido. Ya zauna a gefenta ya jingina da bango, ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na rawa. Ba ta san ko dariya ce ko kuka ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta kira Lauya ta faɗa mata hanyar bayan asibiti. Lauya ta ce wa ya gaya mata? Ta ce wani mai kawo wanki ne.

Da ta ajiye wayar ta ga ya jawo takalmansa yana sawa. Ta bari ya gama ɗaure igiyar.

"Auta, yarinyar nan ta rayu?"

Ya ɗago. "Ba ki sani ba?"

"Ina zan sani? Ni guga nake."

"Ta rayu. Uwar ce ta goya ta da rana tsaka, mijin na kallo, maƙwabta na kallo, ta taka har asibiti. A nan ya ƙare." Ya dubi 'yar tagar. "Duk garin nan, da masu zagina da masu tausayina, babu wanda ya tambayi yarinyar sai mai jona waya."

Mai Guga ta miƙe, ta fita ta murɗa makunnin ɗaya injin ma. Biyu suka haɗu suna ruri har kwalayen sabulu na motsi. Ta dawo ta zauna ta tanƙwashe ƙafa.

"Fara min daga farko. Kuma ɗaga murya kaɗan, kunnena ya gaji da raɗa."

Ya fara. Da farko muryar ta fito a shaƙe kamar famfon da ya daɗe a rufe, sai ta washe, ta kama hanya. Ya yi muryar uban, ya yi ta mai kwalba har da fiffika hannu, ya yi ta yarinyar tana tambayar uwarta ko ruwan kwalba ya fi na famfo tsada ne shi ya sa yake da ɗaci. Mai Guga ta yi dariya inda ake dariya. Da aka zo inda uwar ta ɗaura zani ta ce a matsa mata hanya, ta ji ta gyara zama ba ta sani ba. Da ya kai ƙarshe ta dube shi.

"Wannan ne duka?"

"Shi ke nan."

"A kan wannan aka fasa maka baki?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ta ciro rigar daga leda ta shimfiɗa a gwiwa, ta shafe yamutsewar da ta yi.

"Za ka tafi da ita, ko in ƙona? Yanzu kam zan iya."

"Ba za ki iya ba, Yaya. Ko gobe aka ba ki ashana, sitaci za ki sa mata." Ya taɓa ganyen da ɗan yatsa. "Ajiye min."

A can ƙuryar shago akwai ƙarfen da take rataye kayan da masu su suka kawo ba su dawo ba. Wasu sun yi shekaru, ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ta juya rigar ciki ya koma waje, ta duba ƙullin da yatsa, biyu ne, ta sa mata leda ta rataye ta a tsakaninsu.

*

Ta tanadi maganganun da za ta yi masa. Ya riƙa cin abinci a kan lokaci. Ya kira ta ko da gaisuwa ce. Kada ya bari sanyin can ya shige shi. In ya sake rubutu, ya turo mata ta fara ji kafin kowa. Ta bar su sai lokacin tafiya, don ta san in ta fara da wuri kuka zai hana ta ƙarasawa.

Amma da motar otal ta tsaya ta yi ham, matar mai kanti tana zaune a benci, ta dawo ƙarasa hirar da ta fara, ta ma cire takalmi. Direban ya sake danna ham.

Mai Guga ta juya wajen labule ta ɗaga murya. "Kai, ɗan dako! Fito da zannuwan nan, mota na jira."

Ya fito da hula ta rufe goshi, da ƙaton ƙullin zannuwa a kafaɗar da ke wajen benci. Tafiyarsa ta wanda ya daɗe bai yi taku mai tsawo ba ce.

"Sabon ma'aikaci kika samu?" in ji matar mai kanti.

"Na otal ne."

"Shi ya sa. To kamar yadda nake gaya miki, wasu kuma cewa suke tuni ya mutu, danginsa ne ke ɓoyewa. Ni dai na ce in yana da dangi, ina tausaya musu."

Auta ya kai bakin ƙofa, rana ta dake shi a fuska gaba ɗaya. Ya tsaya cak. Mai Guga ta ga hancinsa ya motsa, idonsa ya ƙanƙance, ƙirjinsa ya cika. Ta riƙe gefen teburin guga. Ya danna hancin a jikin zannuwan, ya haɗiye atishawar, kafaɗarsa ta yi tsalle sau ɗaya ta kwanta.

Daga can wajen babban shataletale iska ta kawo wata murya da ta sani, ana gwada kaya. "Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu. Na baya kuna ji?"

"Kai, yi hankali da kayan mutane," ta ce. "Ka kai su lafiya, ka ji ko?"

Ya juyo ya dube ta ta saman ƙullin. Leɓensa ya motsa, ta ga maganar ta taso har bakin haƙora. Sai idonsa ya sauka a kan benci, ya koma kanta. Ya gyara ƙullin a kafaɗa, ya sauka daga dakalin shagon, ya shiga bayan motar tsakanin zannuwa, ya jawo ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.